Tikitin Ƙyalle

Alhamis ce, wata ya tsufa,
aljihuna ya riga shi tsufa.
Riyal goma sha bakwai na ƙirga a kan keken ɗinki,
na sake ƙirgawa, ko ɗaya bai haihu ba.

Muhsin ya shigo da labarin ɗan maƙwabta:
wai a saman babban kanti
akwai motoci masu wuta, a yi karo, a yi dariya,
kati ɗaya riyal hamsin.
Ya faɗi hamsin ɗin da sauƙi,
kamar mai roƙon ruwan sha.

Yahanasu ta dube ni ta gefen mayafi.
Shekara goma sha huɗu muna Jidda,
ɗaki biyu a unguwar Sabil,
wannan kallon ba ya bukatar tafinta.
Ta ce, a naɗo tabarma.
Bara'atu, zuba shayi a fulas.
Nafi'u, nemo takalminka.

Ni kuwa na jawo ragowar jallabiyar wani,
na yanka ƙyalle biyar,
na bi gefensu da jan zare.
Na ce, ga tikiti, kowa ya riƙe nasa,
wanda ya yar, a bakin ƙofa zai kwana.

Tukur mai kai ƙanƙara ya rage mana hanya,
bai karɓi komai ba,
sai sanyin da ƙafafunmu suka biya.

To, bakin teku ba shi da ƙofa.
Nan lissafina ya kwance.
Muhsin ya tsaya, hannu a sama,
yana neman mai karɓa.

Bara'atu ta san ɗinkina ko cikin duhu.
Tun a gida ta gane, ta haɗiye.
Ta kama hannun ƙaninta
zuwa wurin wani tsoho ɗan Yaman mai fatsa.
Tsohon ya juya ƙyallen gaba da baya,
ya ɗaga shi ga fitila,
ya ɗaure fuska kamar ma'aikacin jawazat,
ya daɗe,
har ni sai da gabana ya faɗi.
Sannan ya ce, ku wuce,
tekun duka naku ne,
ban da kifin da zai ci ƙugiyata.

Suka wuce.
Lilo ba ya tambayar ɗan wane ne kai.
Nafi'u ya gina gida da yashi, hawa uku,
ya ware mini shago a ƙasa, babu haya.
Igiyar ruwa ta zo ta rushe,
ya ce da ma bai gama ba.

Bayan magariba ruwan nan ya miƙe
daga cikin teku, fari, ya fi hasumiya tsawo,
iska na karkata kansa kamar rawani ya kwance.
Muhsin ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.
Da mu da masu manyan motoci
wuya ɗaya muka ɗaga.

Balila kofi biyu, riyal goma,
cokali biyar.
Tamis mai zafi, riyal huɗu.
Yahanasu ta ce ta ƙoshi,
na ce ni ma,
yaran suka yarda da mu da sauri.

Da ƙafa muka fara dawowa,
yashi a kunne, gishiri a gashi,
Muhsin a wuyana, ya yi nauyin barci.
Can ya ce, Baba, tikitin ya ƙare,
ko ana sake shiga da shi?
Na ce, wannan sai zarensa ya warware.

Yanzu duk sun kwanta.
Riyal uku na kan keke, suna jiran Asabar.
Na zare ƙyallen daga tafinsa a hankali,
ya jiƙe, gefe ɗaya ya fara saki.
Na kunna ƙaramar fitila,
na ƙara masa layi biyu.