Tuffa a Kusurwar Tanda

Likita Sabahat ta cire tabarau,
ta dubi takarda, ta dubi tumbina,
ta ce, "Nejdet, gwiwoyinka sun kawo ƙara.
Kilo ɗari da tara suke ɗauka
daga bakin kogi zuwa kan tudu,
ba ka taɓa biyansu kuɗin dako ba."
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Shekara talatin ina gasa baklawa a Amasya,
ina kwarara ruwan sukari tun kafin assalatu,
hannu ɗaya na aiki, ɗaya na kai wa baki.
Mai rabon zuma ba ya rasa lasar yatsa,
ni kuwa na lashe har gwiwar hannu.

Safiya ba ta ba ni wuya.
Azahar ma na iya da ita.
Ƙarfe huɗu na yamma ne abokin gabana,
sa'ar da shayi ke zuwa a ɗan kofin gilashi
ya tsaya shi kaɗai kamar maraya,
ciki na kiran ciroma,
tire a bayana yana ƙyalli, ya san sunana.

Kwana shida na daure. Na bakwai na fāɗi:
yanka uku, a tsaye, a bayan ƙofa,
ɓarawo a shagon kansa.

Gulizar ta ga ɗigon sukari a gemuna.
Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki kwando ta yi lambu.
Tuffar garinmu ba ta da girma,
kunci ɗaya ja, ɗaya bai gama jin kunya ba.
Ta ƙwaƙule cibiyar, ta barbaɗa kirfa,
kanumfari guda, busasshen inabi biyar,
na ƙirga, biyar ne,
ruwa cokali biyu a gindin kasko,
ta tura kusurwar tanda inda wuta ta gaji.

"Sukari fa?" na ce.
"Yana ciki," ta ce. "Bishiya ta riga ta zuba.
Barci yake yi. Wuta za ta tashe shi."

Kafin shayi na biyu ɓawo ya tsage,
ya yamutse kamar kumatun kakata,
wadda ke binne tuffa a toka mai zafi
daren da ƙanƙara ta rufe hanyar ƙauye.
Shekara hamsin ban tuna da wannan ƙamshi ba.
Ya shigo bai yi sallama ba, ya zauna.

Ɗanya da cizo huɗu zan gama da ita,
in tashi ina waige-waigen wani abu.
Dafaffiya ba ta yarda da gaggawa.
Sai ka nemi kujera. Sai ka nemi cokali.
Sai ka hura, ka jira, ka sake hurawa,
kafin ka kai gindin kasko
ƙarfe huɗu ya gaji da tsayuwa, ya tafi.

Ba zan yi ƙarya ba, ba baklawa ba ce.
Akwai ranar da nake kallon tire
kamar mai kallon gidan da ya sayar.
Ran bikin 'yar ƙanwata na ci yanka biyu,
ban roƙi gafarar kowa ba.
Washegari na koma kusurwata.

Yanzu wata huɗu ke nan.
Tayfun, yaron shagona, ya huda mini sabon rami a bel
da ƙusa, yana ƙunshe dariya.
Masu saye suna ɗaga hanci suna tambaya,
"Wannan na nawa ne?"
In ce ba na sayarwa ba ne.

Jiya na hau tudu ban tsaya a rabi ba.
Gwiwar hagu ta yi ɗan gunaguni,
ta dama ta yi shiru.
A aljihuna akwai tuffa biyu, ɗanyu,
na Likita Sabahat,
da 'yar takarda da Gulizar ta rubuta:
kirfa, kanumfari guda, inabi biyar.