Ja Ya Fito Ja

Shekara goma sha ɗaya firintar nan tana kan teburina,
tsakanin rediyo da kwalbar man zafi.
In na kunna ta sai ta yi tari tukuna,
ta yi gyaran murya kamar mai shirin ba da haƙuri,
sannan ta jawo takarda, ta tauna gefe ɗaya,
ta miƙo mini jikokina da kore a goshi.

Ni da na yi shekara ashirin da shida a masaƙar Kakuri,
ɓangaren launi, inda ake buga fure a atamfa,
ni da idona ke raba ja da jan da ya sha ruwa,
yau ga ni ina karɓar koren jika
ina cewa madalla.

Zulai ta ce, "Baba, ka sallami wannan.
Akwai sabuwa, ba ruwanta da igiya,
ta iska take karɓar hoto daga waya,
tawadarta a tanki, kamar man babur."
Na ce, "Nawa?"
Ta kalli silin.

Ranar Laraba na tsallake gada.
Kogi ya cika, ya haɗiye masarar bakin ruwa.
Shagon Sadisu na bayan babbar kasuwa,
janareta na kuka a ƙofa, kwalaye har rufi.
Ya faɗi kuɗin: fanshona na wata huɗu,
in an biya.
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya yi dariya, ya ce, "Kawo hoto mu gwada."

Na ba shi na Barira,
wanda aka ɗauka ran sunan autan Zulai,
daminarta ta ƙarshe.
Kafin in gyara zaman hulata
takarda ta fito da ɗumi, kamar burodin safe.

Ja ya fito ja.
Atamfar da ta adana tun masaƙa na numfashi,
furen da hannuna ya san awon tawadarsa,
ga shi nan, ganye bayan ganye.
Na kusa yi wa injin sannu da aiki.

Sai na ga sauran.
Ƙashin wuya ya fito.
Zoben da ya yi mata yawa, ta naɗa masa zare.
Tabon allura a bayan hannu, uku a jere.
Murmushin ma, ashe da ƙarfin hali aka ɗago shi.
Shekara biyu ina buga hoton nan a gida,
tsohuwa tana shafe mini duk wannan da dishi-dishinta,
tana ba ni mace mai ƙoshin lafiya
a zaune cikin hazo mai ɗan kore.

Sadisu ya ce, "Ka ga bambanci ko, Baba?"
Na ce na gani.

Na biya kuɗin takarda ɗaya.
Na sayi tawadar tsohuwa, ƙaramar kwalba,
wadda tsadarta ta fi ta turare.

Zulai ta tare ni a ƙofa: "To, ta ci kuɗinta?"
Na ce, "Ta ci. Gaskiya gare ta.
Mai sabon ido ya saye ta."

Yanzu hotuna biyu gare ni.
Mai koren na bango, baƙi na gaishe ta.
Ɗayan na cikin aljihun tebur, ƙarƙashin katin fansho.
Sai dai dare ya yi, in an ɗauke wuta,
shi nake haskawa da tocila,
ina ƙirga zagayen zaren nan da ke jikin zobe.

Jiya na shiga adashin tsofaffin ma'aikata.
Ban gaya wa tsohuwa ba.
Da aka kawo wuta ta yi tari sau biyu,
na ce mata sannu.