Tebur Marar Ƙusa

A Sokoban, da ruwa ya ɗauke,
Masta Gariba ya ƙwace gudumata.
"Odum ba ya son ƙusa.
Tsaga wa wannan baki, fiƙe wa wancan harshe,
su riƙe juna."

Kwana tara ina kan ƙafa ɗaya.
Zarto ya ɗanɗani yatsana,
garin katako ya shanye jinin.

Ya shafa, idonsa rufe,
ya gano tudun da ban gani ba.
"Bi jijiyar itace, yaro,
kada ka yi mata gardama."

Yau Maame Adutwumwaa ta jijjiga teburin,
bai ce uffan ba.
Ta biya, ba ragi.
Masta na wasa gizago, bai ɗago ba,
sai ƙafarsa ta turo mini
rabin kwanon wakensa.