Tumbin Gari

Kafin ladan ya yi gyaran murya
kamyon farko ya iso ƙofa.
Ya kwaso daga Bagalam, ya kwaso daga Mokoyo,
abin da gari ya ci jiya ya juya wa baya.
Ni Illa, ni ke kwance tiyo.
Hancina ya daɗe da yin murabus.

Ran da na kama aiki, injiniya Barira
ta bugi bangon siminti da tafin hannu:
"Wannan ba rami ba ne, tumbi ne.
Akwai masu ci a ciki, ido bai ganin su.
Ba su son iska, ba su son sanyi,
ba su son a yi musu ɗura.
In sun ƙoshi sai su yi gyatsa,
gyatsar nan ita muke nema."
Na yi dariya har hulata ta faɗi.

Watan Janairu allurar awo ta kwanta.
Wutar da ke kai kamu guda
ta koma kamar ta ashana.
Barira ta kwana uku kan takardu,
ta ce cikin ya yi tsami.
Na ce, ranki ya daɗe, ubana mahauci ne,
tsakanin turke da mayanka na girma;
saniya in cikinta ya ɓaci, kanwa ake jiƙa mata,
a rage mata dusa, a kai ta rana.
Ta dube ni. Ta dubi allura.
Ta ce, "Je ka kasuwa."

Buhu biyu na kanwa a kan amalanke.
Ruwan zafin da inji ke zubarwa a banza
muka juyo shi, ya lulluɓe bango kamar bargo.
Na koma wajen abokan ubana
na roƙi abin da suke zazzagewa daga cikin shanu.
Cima mai ƙosai ta tara mana baƙin mai
wanda ya gaji da tuya.
Kaɗan-kaɗan, yadda ake ba majinyaci kunu.

Kwana goma sha ɗaya, ba motsi.
Na sha biyu, bayan la'asar,
allura ta ɗaga kai kamar ƙadangare.

Yanzu inji na ruri har asuba:
fitila bakwai, famfo biyu,
da firijin magani na asibitin unguwa.
Abin da ya rage, baƙi wuluk, ba wari,
masu lambun bakin Gulbi na layi a kansa
da jakuna, don albasa da zogale.

Innata har yau ba ta shan shayina.
Wai ta san inda wutar ta fito.
Na ce, Inna, albasar miyarki fa?
Ta jefe ni da mafici.

Dare ya raba. Na manna kunne a bango.
Can ciki ana ɓalɓala a hankali,
Maraɗi na barci tana tuƙa,
ni kuwa na ɗora buta kan shuɗiyar wuta.