Silinda Takwas

Garejin Cleophus Tarver yana bayan gida,
a Hamtramck, inda gishirin da ake watsa wa ƙanƙara
ke cin ƙasan mota kamar gara a azara.
Ya yaye tamfol da hannu mai rawa,
sai ga ta kwance, ja, mai dogon hanci,
Charger ta sittin da tara.
Tayoyi huɗu duk sun sace,
ɓera ya haihu a kujerar baya.

Ya ce, "Sallau, ka ce a Panteka ka koyi aiki.
To ga uwar aiki."

Ina kwance fulogi yana zaune kan jarka,
ina sauraro, sifana a hannu, shi kuwa baki ya buɗe.
Wai asalin abin ƙuruciya ce ta injiniyoyi:
a ciro injin ƙatuwar mota
a cusa shi a jikin matsakaiciya,
a sayar wa yaron da gemunsa bai gama tsirowa ba.
Fetur a lokacin bai kai madara tsada ba.
Daren Asabar a titin Woodward,
danja na ba da hannu, ƙasa ta ɗau rawa,
taya ta bar rubutunta baƙi a kwalta,
kafin ka ja numfashi uku an gama gardama,
wani ya ci, wani ya tafi neman kabureta.

"Kai ma kana ciki?" Ya yi dariya har da tari.
Daga Alabama ya zo da akwati ɗaya.
Shekara goma sha ɗaya yana ɗaura ƙofa,
ta hagu kaɗai, ta dama ta wani ce,
in an tashi ya wanke hannu ya hau bas.
Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sai saba'in da uku, aka murɗe famfon mai daga nesa.
Layi ya miƙe a gidajen mai har ya sha kwana,
'yan inshora suka ƙara wa wuƙarsu kaifi,
hukuma ta yanka wa gudu iyaka.
Zakin jiya ya koma kayan nauyi,
kowa na neman ƙaramar mota mai shan mai da cokali.
Ranar nan ya ƙirga dala ɗari shida a tafin wani,
ya tuƙo ta gida a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.
Odessa ta yi kwana tara ba ta ce masa ci kanka ba.

Na tsaya da sifana ina lissafi.
A shekarun nan ne kuɗin mai ya malalo ƙasarmu,
babana ya sayi babur sabo dal a Kaduna,
ya ɗora mu huɗu, har da ni a kan tanki.
Ban gaya masa ba. Na ci gaba da goge fistin.

Masana'antar an rushe ta, ko bulo bai tsinta ba.
Odessa na kwance a maƙabarta shekara shida.
Wani attajiri daga Arizona ya bugo waya sau uku,
kuɗin da ya ambata ya fi na gidan duka.
Cleophus ya ce masa lambar ba daidai ba ce.

Mako biyar na yi, da fitila a baki,
na canja tiyo, na wanke tanki, na roƙi batir.
Ran Laraba na murɗa makulli.
Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari,
sannan ta buɗe maƙogwaro,
gwangwanayen kan shantali suka fara tafiya,
karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin baranda.

Na leƙo ina jiran yabo.
Idonsa da yanar ta rufe yana kallon rufi,
ya ɗaga yatsa, ya karkata kunne.
"Bakwai nake ji," ya ce. "Ɗaya tana barci."

Na kashe, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya.
Ta biyar ce ban danna sosai ba.