Goma Sha Biyu a Kan Igiya

Goma sha biyu ne, na ƙidaya da asuba,
wasu fari tas, wasu sun fara dafewa,
suna ɗiga a tsakar gidanmu na Ƙofar Marusa,
a jere a kan igiya.

Isuhu ne ya ɗinka su a shago
bayan ya sallami aikin mutane.
Takwas daga sabon tawul,
huɗu daga zanen Gwaggo Ladingo
wanda wanki ya lausasa tun tana duniya.

Ranar suna an kawo mana famfas leda uku,
sati biyu Bishir ya ga bayansu.
Na aika kanti, yaro ya dawo da kuɗina a hannu,
wai farashin yau ba shi ne na jiya.

Daren nan muka yi lissafi a bayan kwalin sabulu,
na wata guda ya kusa rabin buhun gero.
Isuhu ya ajiye biro ya ce,
"Lantana, ashe kashin jariri
muke naɗewa da kuɗin miya."

Ba zan ce maki babu wahala ba.
Akwai wari, akwai kaushin hannu,
akwai ƙarin jarka biyu wurin mai garuwa,
akwai lalube cikin duhu in an ɗauke wuta,
ina riƙe da fil, ina addu'a
kada in soki ɗana a cinya.

A kakkaɓe a masai,
a jiƙa a shuɗin bokiti mai murfi,
ruwan zafi, sabulun sanda, a murza.
Sauran aikin na rana ne.
Ranar Katsina ba ta karɓar ko kwabo,
ta sha wari, ta lashe tabo,
kafin la'asar sun bushe gaba ɗaya.

Ruwan ɗaurayar ƙarshe ba ya zuwa kwata,
zogalen bakin zaure ke shanyewa.
Na dasa shi sanda, yau ga shi bishiya.

Sai ga Agusta.
Kwana uku sama ba ta buɗe ido ba,
goma sha biyun duk a jiƙe,
kan ƙofa, kan kujera, kan ƙarfen gado.
Na hura gawayi a dutsen guga,
Bishir na tsala ihu tsirara a tabarma,
ina guga, idona na zubar da gajiya.

Marka ta leƙo ta katanga,
ita da ke kirana 'yar ƙauye,
ta miƙo mani famfas guda biyu.
Na karɓa da hannu biyu, ba na jin kunya.

Da ruwa ya ɗauke, samarin layi suka yashe kwata.
Shebur na fito da su a kumbure,
tuli guda, ƙuda na biki a kai,
ƙila har da biyun nan nawa.
Marka ta tsaya, ta toshe hanci, ta wuce.
Bayan magariba ta aiko 'yarta:
wai tawul ɗin nan, nawa ake saya?

Abin da ban kai kanti ba, asusu ya haɗiye.
Wata tara muka fasa.
Isuhu ya hau mota zuwa Caranci,
ya dawo yana jan jar akuya.

Yanzu Bishir na zama a fo, yana waƙa.
Biyu sun mutu, suna goge keken Isuhu.
Tara na ninke, na sa a leda,
ƙanwata Jummala na da wata bakwai a Daura,
direba zai kai mata ran Laraba.
Ɗaya na Gwaggo, mai ɗigon shuɗi a gefe,
na tura ƙasan akwati, ajiya.

Jiya da asuba na fito da bokiti bisa sabo,
na tsaya a tsakar gida, hannuna a bushe.
Tsuntsu biyu ne kawai a kan igiya.