Ɗan Kwalin Vendula

Shekara goma sha ɗaya muna wannan wasa
a ɗakin girkin Zdenka, hawa na huɗu, a Olomouc,
kowace Laraba, in ƙararrawar coci ta buga takwas.
Kati mai hoto a hannunka, kalma ɗaya a bakinka,
saura su laluɓo wanda ka nufa.

Har katunan suka san yatsunmu,
gefensu ya yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi.
In Radim ya ce "Talata",
tsanin nan ne mai kutsawa cikin gajimare,
don ran Talata ya faɗo daga rufin gareji.
In Jitka ta ce "kawu",
kifin nan ne mai gashin baki da hular soja.
Mun daina tunani, tuni kawai muke yi.
Sabo turken wawa, mu huɗu a ɗaure,
muna murna da igiyar.

Sai ga jikar Zdenka, Vendula, daga Brno,
dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarta,
ta dire wani ɗan kwali kusa da tulun sukari,
bai fi gidan ashana biyu ba.
"Ƙari ne," in ji ta.
Ba sababbin hotuna a ciki,
sharuɗɗa ne ashirin da huɗu,
da ɗan agogon yashi mai ƙugu irin na zanzaro.

Radim ya ja tsaki:
"Wa ya ce miki miyarmu ba gishiri?"
Shi ya fara ja. Katin ya ce:
baki a rufe, yi da hannu.
Tsohon direban jirgin ƙasa ya miƙe
yana fiffika da hannuwa tsakanin firji da taga,
mu muna ihu: agwagwa! laima! gobara!
Ashe wata yake nufi.
Jitka ta yi dariya har ta cire tabarau.

Nawa ya ce in rufe rabin hoton da baƙar takarda.
Na rufe doki, na bar inuwarsa,
sai na ga ban taɓa duban inuwar ba:
ba ta doki ba ce, ta mutum ce a durƙushe.
Shekara goma sha ɗaya tana hannuna.

Yashi na zuba. Shayi ya huce.

Sannan Zdenka ta ja nata, ta karanta a hankali:
kada ka faɗi kalmar da ka taɓa faɗa a teburin nan.
Ta dubi hoton hannunta
har yashin ya kusa ƙarewa.
Ta ce, "Oldrich."

Muka dubi juna.
Ba sunan mijinta ba ne, ba na ɗanta ba,
ba na karen da ya mutu bara ba.
Na zaɓi jirgin ruwa. Radim ya zaɓi kyandir.
Jitka ta rufe ido ta nuna mujiya.
Duk muka faɗi.

Ƙofar nan ce, mai tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona,
ba bango, ba rufi, makulli a jiki,
wadda kullum take kira "gida".

"Kaka, wane ne Oldrich?"
Zdenka ta kwashe kofuna.
"Dokar ta ce kalma ɗaya," ta ce,
ta kunna famfo.

Ɗan hakin da ka raina.
Na sauko matakala ina lissafi,
saba'in da biyu, kamar kullum,
amma a waje titin ya yi fari fat
har ban gane kwanar gidanmu ba sai da na wuce ta.

Vendula ta koma Brno ran Lahadi.
Ta bar kwalin a kan firji.
Mun ja bakwai.
Saura goma sha bakwai a ciki,
kuma jibi Laraba.